TARIHIN RUDOLF DIESEL, WANDA INJINSA YA SHA MAN GYAƊA

Babu mazaunin Samaru ko Sabon Garin Zariya da bai san man dizal ba, wanda direbobi da makanikai ke kira gas. Shi ke tafi da tireloli da tankokin da ke ratsa Kwangila dare da rana, shi ke jan jirgin ƙasa, shi ke juya injin niƙa da tarakta da manyan janaretoci. Amma da za a tsai da mutum goma a bakin kasuwa a tambaye su asalin kalmar, da wuya a sami biyu da za su ce sunan mutum ne. To, sunan wani Bajamushe ne, Rudolf Diesel, wanda ya bar duniya fiye da shekara ɗari da suka wuce.

Dalili biyu suka sa muka ga ya kamata masu karatu su ji labarinsa. Na fari, baƙin hayaƙin da ke turnuƙe titunan garuruwanmu, mai yawa daga cikinsa daga irin injin da ya ƙago yake fitowa. Na biyu, mutumin nan tun yana da rai ya nuna wa duniya cewa injinsa yana iya aiki da man da aka tatsa daga amfanin gona, man da aka fara gwadawa a bainar jama'a kuwa man gyaɗa ne. Duniya ta karɓi injin hannu biyu biyu, ta yi watsi da zancen man gona har shekaru masu yawa. Mu da muke zaune a ƙasar gyaɗa, kusa da ma'aikatar da ta fi kowace daɗewa tana binciken gyaɗa a Arewa, ya kamata mu san yadda aka yi.

HAIHUWARSA DA ƘURUCIYARSA

An haifi Rudolf Diesel a birnin Faris ta ƙasar Faransa ran 18 ga watan Maris, 1858. Iyayensa baƙi ne a can, mutanen Bavaria ta ƙasar Jamus. Ubansa, Theodor, mutumin Augsburg ne, sana'arsa ɗinkin littattafai da aikin fata, watau baduku ne a lissafinmu. Uwarsa Elise 'yar birnin Nuremberg ce. Gidan ba na wadata ba ne, saboda haka tun yaron yana ƙarami yakan taya ubansa aiki, ya kai wa masu saye kayansu. A makaranta kuwa ya yi fice, in ya sami sarari sai ya tafi gidan ajiye tsofaffin na'urori na birnin, ya yi ta kallo yana zana su a takarda.

Cikin 1870 yaƙi ya tashi tsakanin Faransa da Jamusawan Prussia. Gwamnatin Faransa ta kori Jamusawan da ke zaune a Faris, iyalin Diesel suka kwashe abin da suka iya ɗauka suka ƙetare zuwa Landan. Zaman Landan ya yi musu tsanani, ga baƙunci ga rashin abin hannu. Da iyayen suka ga karatun yaron zai lalace, sai suka aika da shi Augsburg wurin danginsu, Christoph Barnickel da matarsa. Shi Barnickel malamin lissafi ne a makarantar koyon sana'a ta garin. Yaro ɗan shekara 12 ya yi wannan doguwar tafiya shi kaɗai, ta teku da ta ƙasa, ana cikin yaƙi.

A hannun Barnickel ya ƙware da Jamusanci da lissafi. Yana ɗan shekara 14 ya rubuta wa iyayensa takarda ya shaida musu shi injiniya yake so ya zama. Iyayen sun fi son ya kama aiki da wuri ya taimake su, gama talauci ya matsa musu, amma ya tsaya kan bakansa. Cikin 1875 ƙoƙarinsa ya jawo masa taimakon kuɗin karatu, ya shiga babbar makarantar fasaha ta birnin Munich.

ABIN DA YA JI A AJI

Cikin malamansa na Munich akwai Carl von Linde, wanda ya shahara wajen ƙera injin sanyaya kaya da yin ƙanƙara. A darasinsa ne Diesel ya ji abin da ya hana shi sakat har ƙarshen ransa. A zamanin nan injin tururi ne sarki, shi ke jan jirgin ƙasa da na ruwa, shi ke juya masaƙu. Amma injin tururi mabarnaci ne ƙwarai. In aka zuba masa kwal mudu goma, abin da ke zama aiki bai fi mudu ɗaya ba, sauran tara sun tafi a zafi da hayaƙi. Ƙananan injuna ma sun fi haka ɓarna. Linde ya koya musu lissafin wani Bafaranshe, Sadi Carnot, wanda tun 1824 ya nuna cewa ana iya samun aiki mai yawa daga wuta fiye da haka, in an san yadda za a sarrafa zafin. Diesel ya ƙudura a ransa sai ya ƙera injin da zai kusanci lissafin Carnot.

Ya kamata ya gama karatu cikin 1879, sai zazzaɓin taifot ya kwantar da shi, jarrabawa ta wuce shi. Da ya warke, maimakon ya zauna jira, ya tafi ma'aikatar Sulzer a garin Winterthur na ƙasar Suwizalan, ya koyi aikin hannu a gaban maƙera. Cikin Janairu 1880 ya ci jarrabawa da daraja mafi girma. Linde ya ɗauke shi aiki, ya tura shi Faris wajen ma'aikatar ƙanƙara, bayan shekara guda ya zama shugabanta. Ya auri Martha Flasche cikin 1883, suka haifi 'ya'ya uku, Rudolf da Hedwig da Eugen. Da rana yana aikin ƙanƙara, da dare yana lissafin inji. Ya ɓata shekaru yana gwada wani inji mai aiki da tururin ammoniya, bai kai ga biyan bukata ba, ya bar shi. Cikin 1890 ya koma Balin, yana kula da harkokin kamfanin Linde a can.

YADDA INJIN YAKE AIKI

Duk wanda ya taɓa ba tayar keke iska ya san gindin famfo yakan ɗauki zafi in an daɗe ana bugawa. Dalili shi ne, iska in an matse ta sai ta yi zafi, gwargwadon matsi gwargwadon zafi. A kan wannan ƙa'ida Diesel ya gina injinsa.

Injin fetur yana haɗa mai da iska tun kafin su shiga silinda, fistin ya matse su kaɗan, sa'an nan fulogi ya ba da tartsatsi su kama. Ba a iya matse su da yawa, don in an yi haka sai su fashe tun lokaci bai yi ba. Diesel ya ce a bar iska zalla ta shiga silinda, fistin ya matse ta matsi mai tsanani, har ta yi zafin da ya wuce na kama wuta. A daidai wannan lokaci sai a fesa mai a ciki. Man yana haɗuwa da iskar nan sai ya kama da kansa, ya tura fistin, ba a bukatar fulogi ko kaɗan. Tun da matsin ya fi yawa, aikin da ake samu daga kowane galan ya fi yawa. Ga kuma wani amfani wanda shi ne jigon labarinmu: tun da zafin iska ne ke kunna man, injin ba ya tsananta zaɓe, yana iya ƙona mai mai kauri wanda injin fetur ba ya ko kusantarsa.

Ya nemi takardar mallakar wannan dabara cikin Fabrairu 1892, gwamnatin Jamus ta ba shi ran 23 ga Fabrairu, 1893, mai lamba 67207. Cikin shekarar kuma ya buga littafi yana bayyana lissafinsa. Masana da yawa suka yi masa dariya, suka ce babu ƙarfen da zai jure irin matsin da yake nema. Gaskiya ne kuma, lissafinsa na fari ya yi zurfi, daga baya shi da kansa ya rage matsin ya sake hanyar ƙona man. Mutum biyu suka yarda su zuba dukiyarsu: Heinrich von Buz, shugaban ma'aikatar injuna ta Augsburg wadda daga baya ta zama kamfanin MAN, da gidan Krupp masu narka ƙarfe.

SHEKARA HUƊU NA WAHALA

Ran 10 ga Agusta, 1893, aka gwada inji na fari a Augsburg. Da aka fesa mai sai ya kama da ƙarfin da ya tarwatsa ma'aunin da ke bisa silinda, ƙarafa suka watsu cikin ɗakin. Injin bai yi tafiya ba, amma ya tabbatar da cewa zafin iska kaɗai yana kunna mai. Aka koma aka yi ta gyara. Ran 17 ga Fabrairu, 1894, injin ya juya da ƙarfin kansa wajen minti guda. Mai haƙuri shi kan dafa dutse. Sai ran 17 ga Fabrairu, 1897, Farfesa Moritz Schröter na Munich ya auna inji na uku a hukumance, ya tarar yana mai da kashi 26 cikin 100 na zafin mansa zuwa aiki, watau ya ninka injin tururi fiye da sau biyu. Silinda ɗaya gare shi, ƙarfinsa wajen na doki 20, kananzir yake sha. Yana nan ajiye a gidan tarihin fasaha na Munich.

Nan da nan suna ya tafi. Kamfanoni na ƙasashe dabam dabam suka yi ta sayen izinin ƙera injin. Wani attajirin Amurka, Adolphus Busch, ya biya mak miliyan ɗaya na kuɗin Jamus don ya mallaki izinin ƙasarsa. Ɗan baduku ya zama mai dukiya, ya gina katafaren gida a Munich. Amma an yi gaggawar kai injin kasuwa tun bai nuna ba. Waɗansu da aka sayar suka yi ta lalacewa, masu su suka mai da su. Waɗansu injiniyoyi kuma suka tashi da gardama, suna cewa su suka riga shi, har aka je gaban shari'a. Gajiya da ɓacin rai da ciwon kai suka taru suka kai shi asibiti cikin 1898.

Akwai wani abin da ya fi waɗannan ci masa rai. Shi ɗan mai sana'ar hannu ne, ya ga yadda manyan masaƙu masu injin tururi suka danne ƙananan masu sana'a, domin talaka ba shi da halin sayen tukunyar tururi da ɗaukar mai hura mata wuta. Burinsa ya ƙera ƙaramin inji mai tsimin mai, wanda maƙeri da masassaƙi da manomi za su iya mallaka. Ga shi kuwa injunansa na fari sun fito manya, masu nauyin tan da yawa, sai an haɗa musu wani famfon iska dabam kafin su iya fesa mai. Waɗanda suka fara morarsu su ne masu masaƙu da masu jiragen ruwa da mayaƙan teku. Cikin 1903 ya rubuta littafi mai suna Solidarismus, yana kiran ma'aikata su haɗa 'yan kuɗinsu su mallaki ma'aikatu da kansu, kamar yadda ƙungiyoyin gama kai ke yi. Littafin bai sami masu saye ba.

MAN GYAƊA A BAJE KOLIN FARIS

Cikin 1900 aka yi babban baje kolin duniya a Faris, injin Diesel ya sami lambar girma ta ɗaya. A wurin nan kamfanin Otto na Faransa ya nuna wani ƙaramin injin Diesel yana aiki da man gyaɗa zalla. An ƙera shi ne don man ƙasa, ba a sake masa kome ba, ya yi ta aiki lami lafiya har yawancin 'yan kallo ba su san abin da yake sha ba. Gwamnatin Faransa ce ta nemi a yi gwajin. Tana da ƙasashen mallaka a Afirka inda gyaɗa ke yi ƙwarai, babu kwal, man ƙasa kuma sai an yi dakonsa daga nesa, saboda haka ta so ta ga ko ƙasashen nan za su iya noma man injunansu da kansu. Ba don tausayin manomin Afirka ta yi ba, don sauƙin mulkinta ne, amma gwajin ya buɗe ƙofa.

Diesel ya riƙe wannan magana. Cikin 1912 ya yi jawabi gaban ƙungiyar injiniyoyi a Landan, ya kuma yi a Amurka, ya ba da labarin gwajin Faris da waɗansu da aka yi bayansa. Ya nuna musu cewa ko da yake a lokacin man tsiro bai kai a kula da shi ba, wata rana zai iya zama da muhimmanci kamar man ƙasa, kuma ƙasashen da ke noma shi za su sami ƙarfin inji daga gonakinsu, ƙarfin da rana ke sabuntawa kowace damina ko da rijiyoyin mai sun ƙafe.

Mai karatu ya dubi abin da ke faruwa a nan gida a daidai wannan lokaci. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Zariya da Kano cikin 1911, aka buɗe ta ga 'yan kasuwa cikin 1912, Sabon Garin Zariya kuwa a gefen tashar jirgin nan ya tsiro. Turawa auduga suka sa rai za su kwasa, har suka kafa injin gurzarta a Zariya, amma manoman ƙasar Kano suka ga gyaɗa ta fi riba, ga shi kuma ana cinta in shekara ta ƙi. Cinikin gyaɗa ya bunƙasa tun daga kakar 1912, har ya kai ga dalar gyaɗa da Alhassan Ɗantata da ire-irensa suka shahara da ita. Watau a shekarar da Diesel ke yabon man gyaɗa a Landan, a shekarar gyaɗarmu ta kama hanyar teku. Sai dai ba cikin inji ta shiga ba, sabulu da man girki aka yi ta yi da ita a Turai.

ƘARSHENSA

Cikin 1912 jirgin ruwan nan Selandia, wanda aka ƙera a Kopenhagen ta ƙasar Danmak, ya tafi har Gabas mai nisa ya komo da injin Diesel, ba tukunyar tururi. Duniya ta sakankance injin ya kafu. Amma mai shi yana cikin damuwa. Ya zuba dukiyarsa cikin cinikin filaye da haƙar mai, ta nutse, bashi ya hau shi, ciwon gaɓɓai da ciwon kai suka dame shi, bai kuwa gaya wa ko iyalinsa ba.

Ran 29 ga Satumba, 1913, da maraice, ya shiga jirgin ruwa mai suna Dresden a Antwerp ta Beljiyam, za shi Ingila taron wani kamfani mai ƙera injinsa. Ya ci abinci da abokan tafiyarsa, wajen ƙarfe 10 na dare ya yi musu sallama, ya ce a tashe shi da sassafe. Da gari ya waye aka tarar ba a kwanta bisa gadonsa ba, aka sami hularsa da kwat ɗinsa a ninke kusa da dogarin bayan jirgi. Bayan kwana goma ma'aikatan wani ƙaramin jirgin Holan suka tsinci gawa a teku, suka cire 'yan kayan da ke jikinta suka mai da ita ruwa, ɗansa Eugen ya shaida kayan na ubansa ne. Kafin ya tashi ya bar wa matarsa jaka, da ta buɗe ta sami mak 20,000 da takardun da suka nuna dukiya ta ƙare. Yawancin marubuta tarihinsa sun tafi a kan shi ya jefa kansa, waɗansu kuwa sun ce kashe shi aka yi saboda sirrin injin jiragen yaƙi. Shekarunsa 55.

HAYAƘIN DA YA BIYO BAYA

Bayan mutuwarsa ne injin ya hau titi. Kamfanonin Benz da MAN suka fito da manyan motoci masu injin dizal cikin 1923 da 1924. Cikin 1927 kamfanin Bosch ya fara ƙera famfon fesa mai wanda ya sa aka rabu da famfon iska, injin ya ƙanƙance. Cikin 1936 Mercedes ta fito da ƙaramar mota mai shan dizal. A Nijeriya an fara kawo kawunan jirgin ƙasa na dizal cikin 1955, suka yi ta maye gurbin masu kwal. Injin niƙan da ke kowace unguwa da kowane ƙauye, shi ne ya cika burin Diesel na ƙaramin inji a hannun mai ƙaramin ƙarfi, ko da yake bai rayu ya gani ba.

Man ƙasa ya yi arha, aka gyara injuna su dace da shi kaɗai, zancen man gona ya kwanta. Sai daga baya aka gane abin da hayaƙin ke yi wa mutane. Hayaƙin dizal yana ɗauke da ƙurar baƙi mai laushi ƙwarai, wadda ke wucewa har can cikin huhu, da wata iska mai ƙona maƙogwaro, da farar wuta in man bai tatu sosai ba. Suna tayar da asma, suna jawo ciwon huhu da na zuciya. Cikin 2012 sashen binciken ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sa hayaƙin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon dajin huhu. Cikin 2016 hukumar ta fid da jerin biranen da iskarsu ta fi ƙura, Onitsha ta zo ta ɗaya, Kaduna ta zo ta biyar. Waɗanda suka fi shaƙa kuwa su ne waɗanda ba su da mota: mai tallan rake a bakin titi, da ɗan acaɓa da ke bin bayan tirela, da mai faci, da yara 'yan makaranta.

Ƙasashen Turai sun matsa wa masu ƙera motoci da dokoki, aka ƙago matatar da ke kama ƙurar a cikin salansa, aka rage farar wutar man zuwa kashi 10 cikin miliyan tun 2009. A Nijeriya an daɗe ana yarda da har kashi 3,000. Cikin 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince a sauko zuwa 50. Doka kuwa sai da mai tsaronta, gama cikin 2015 an kama kamfanin Volkswagen a Amurka ya sa wa motocinsa dabarar da ke ɓoye yawan hayaƙinsu a lokacin awo.

ABIN DA YA RAGE GA SAMARU

Man tsiro zalla ya yi wa injunan zamani kauri, yakan toshe nozul. Maganin wannan ya fito tun 1937, sa'ad da wani malamin jami'ar Brussels, Georges Chavanne, ya sami takardar mallakar hanyar tsinka manja, har aka tafi da wata bas da shi tsakanin Brussels da Louvain cikin 1938. Hanyar ba ta da nisa da dahuwar sabulu. Ana haɗa man da wani ruwa mai suna metanol da 'yar soda, a ɗumama, sai gilisarin ya kwanta a ƙasa, mai tsinkakke ya taso sama. Shi ake kira bayodizal. Ana iya gauraya shi da gas har kashi 20 cikin 100 a zuba wa yawancin injuna ba tare da an sake musu kome ba. Kusan ba shi da farar wuta, baƙin hayaƙinsa ya fi kaɗan, ko da yake iskar nan mai ƙona maƙogwaro takan ɗan ƙaru. Iskar kabon da yake fitarwa kuma, wadda ke ɗumama duniya, tsiron ya riga ya zuƙe irinta daga sararin sama lokacin da yake girma. Ƙasar Indunusiya ta kai ga gauraya kashi 35 na man kwakwar manja cikin 2023.

Gwamnatin Nijeriya ta fid da manufarta ta man tsiro cikin 2007, da nufin gauraya kashi 10 cikin fetur da kashi 20 cikin gas, amma an daɗe abin bai wuce takarda ba. Kayan aikin kuwa suna nan ƙasar Sabon Gari. An kafa ma'aikatar binciken aikin gona ta Samaru cikin 1922, ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello cikin 1962. Ita ta fid da irin gyaɗar nan da ake kira SAMNUT, masu jure kuturtar gyaɗa, cutar da ta cinye wajen hekta 700,000 cikin 1975 ta karya cinikin da ya sa Nijeriya ta fi kowace ƙasa fid da gyaɗa a shekarun 1960. Cikin amfanin gonar da aka ɗora mata binciken su har da zurman da bini da zugu. A Basawa akwai cibiyar binciken haɗa sinadarai da makarantar fasahar sufuri, wadda ta shiga aikin juya motoci su koma shan iskar gas bayan an janye tallafin fetur cikin Mayu 2023.

Amma a yi hattara, kada a ɗauki labarin baje kolin Faris a ce a juye man gyaɗarmu cikin tanki. Faransa ba ta yi lissafin cikin manomi ba, mu kuwa tilas mu yi. Man gyaɗa abinci ne, ƙuliƙuli da harawa suna ciyad da mutum da dabba, kwalbar man gyaɗa ta fi kwalbar gas tsada, ƙasar kuma ba ta ƙoshi da man girki ba. Wanda ya ƙona abincinsa don mota ta tashi bai yi dabara ba. Abin da ya kamata a duba shi ne man da ba a ci: bini da zugu da aka saba shinge da shi, da zurman, da 'ya'yan darbejiya da ke zuba banza a kowane gari, da man da masu suya suka gama aiki da shi. Ko bini da zugun ma an yi ta ɗokinsa a ƙasashe da yawa wajen 2007, aka dasa a busasshiyar ƙasa, bai ba da 'ya'yan kirki ba, masu kuɗi suka yi hasara. Sai an zaɓi iri mai kyau, an auna abin da eka ke bayarwa, kafin a ce wa manomi ya shuka. Irin wannan aiki na haƙuri shi Samaru ta saba da shi.

Kafin nan akwai abin da ba ya jiran kowa. Mota mai tafiya tana barin baƙin hayaƙi a bayanta, kuɗin mai ita ne ke ƙonewa, domin man da bai ƙone daidai ba ne ke fita. Wanke nozul, da sake matatar iska musamman lokacin hunturu, da barin ɗora wa mota kayan da suka fi ƙarfinta, da kashe inji in an tsaya lodi a tasha, da gudun man da aka gauraya da kananzir, duk suna rage hayaƙi, suna kuma rage kashe kuɗi. Diesel ya ƙare ƙuruciyarsa yana neman yadda ɗigon mai ba zai tafi banza ba. Ya rage ga shugabannin direbobi da makanikai da ma'aikatan duba motoci su riƙe wannan, masana na Samaru da Basawa kuma su gaya wa hukuma da manoma, da alƙaluma, wane tsiro ne zai iya ba mu mai ba tare da ya taɓa tukunya ba.